Jitar bas mai araha: yadda ake zaɓenta, a saita ta, a riƙe ta shekara da shekaru

Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma a kan kaya da yawa gaskiyarsu ne. Sai dai jitar bas ta lantarki, wato jitar nan mai kaurin sauti, tana cikin 'yan kayan da wannan magana ba ta cika kamawa ba, saboda ƙirarta ba ta da wata sarƙaƙiya. Katako biyu ne, gangar jiki da wuya, aka haɗe da sukurori huɗu, sai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, sai tsirkiyoyi huɗu na ƙarfe. Tun da Leo Fender ya fito da Precision Bass a Amurka a 1951, ya bi ta da Jazz Bass a 1960, ƙirar ba ta yi wani canji na a zo a gani ba. Yau injuna masu aiki da kwamfuta ne ke yanka katakon a masana'antun Indonesiya da China, shi ya sa masu sauƙin kuɗi irin su Squier Affinity, Yamaha TRBX174, Ibanez GSR200 da Cort Action suke fitowa da awonsu daidai. Inda kamfani ke rage kashe kuɗi wuri biyu ne: lokacin da ma'aikaci zai zauna ya gyara ta da hannu a ƙarshe, da kuma ingancin ƙananan kayan ƙarfe da na lantarki. Duka biyun kuwa mai jita zai iya cike giɓinsu a ɗakinsa.

Mu fara daidaitawa kan sunaye. Tsirkiya ita ce dai wadda masu garaya da gurmi suka sani, sai dai ta bas ƙarfe ce mai kauri. Guda huɗu ne, daga mai kauri zuwa siririya: E, A, D, G. Ƙarfen da ke riƙe da su a gindi shi ne jaki, kamar na goge, kuma kowace tsirkiya tana da ɗan sirdinta a kansa, wanda ake ɗagawa, a sauke, a tura gaba ko a ja baya. A bakin kai akwai ɗan farin roba ko ƙashi mai tsaga huɗu da tsirkiyoyin ke bi ta kansa. Za mu kira shi matashi. Ƙarafan da aka gitta a wuya su ne firet, ana ƙirga su daga kai zuwa gindi. Kunnuwa su ne waɗanda ake murɗawa a ɗaure tsirkiya ko a sassauta ta. Maɗaukin sauti, wanda makaɗa ke ce wa fikof, shi ne maganaɗisun da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. Sai wanda ido ba ya gani, alhali ya fi su duka muhimmanci: rodin da aka binne a cikin wuya.

Ranar saye, wuya ake dubawa

Tsirkiyoyi huɗu masu matsakaicin kauri, in an ɗaure su daidai, suna jan wuya da ƙarfin da ya haura kilo 70, ba dare ba rana. Rodin nan ne ke ja-in-ja da su. Duk wani abu a jikin jita ana iya sake shi da kuɗi kaɗan, ban da wuyan da ya murɗe ko rodin da ya mutu. Don haka ko sabuwa ce ko ta hannu, kada fenti ya ɗauke maka hankali.

Ka ɗora gindinta a ƙasa, ka ɗaga kan zuwa saitin idonka, ka hango tsawon wuyan ta gefen tsirkiyar E, sannan ta gefen G. Ɗan lanƙwasa kamar baka ba laifi ba ne, ana gyarawa. Abin gudu shi ne ka ga gefe ɗaya ya lanƙwasa, ɗayan a miƙe, ko ka ga ƙarafan firet ba su jeru a layi ɗaya ba, na wajen kai sun karkata dama, na gindi sun karkata hagu. Wannan murɗewa ce. Ka ajiye ta komai arahar da aka yi maka.

Sai ka nemi izinin mai kaya ka sa alanki, wato ɗan makullin nan mai kusurwa shida, a bakin rodin, wanda galibi yake a bakin kai, wani lokaci ƙarƙashin ɗan murfi. Ka ɗan juya hagu, ka mayar dama. Ya kamata ya motsa da ɗan tauri. In ya kafe, ko yana juyawa sakaka ba ya kama komai, ko ramin alankin ya side har makulli na zamewa, to an riga an taɓa lafiyarsa. Bayan nan ka sa a jona ta da amfilifaya, ka danna kowane firet a kowace tsirkiya daga farko har ƙarshe. Aikin minti biyar ne. Ka murɗa mamurɗan ƙara, ka girgiza wayar a bakin soket, ka saurara. Ƙarar kwar-kwar a nan ba ta hana ciniki, hujjar neman ragi ce kawai.

Sunan da ke rubuce a kai ba shaida ba ne, domin jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni sun cika kasuwa. Gara ainihin Squier ko Yamaha da jabun da aka manna wa babban suna. Mai farawa kuma ya tsaya kan mai tsirkiya huɗu. Tsirkiya ta biyar, wato B, a jita mai araha sau da yawa sako-sako take fitowa, sautinta a dagule, ga tsadar canji. Tsawon da aka saba, daga matashi zuwa jaki, inci 34 ne; yaro ko mai gajeren hannu zai fi jin daɗin mai inci 30. Nauyi kuma ka rataya ka ji: kilo 4 ko ƙasa da haka shi ne daidai ga wanda zai tsaya awa uku a wajen biki.

Saiti, kuma bi da bi

Mafi yawan jitocin da ake zagi da cewa "ba su da kyau" ba a taɓa saita su ba ne tun da suka bar masana'anta. Kayan aikin ba su da yawa: alanki na rodi (galibi milimita 4 ko 5, wanda ya zauna daram ba mai wasa a rami ba), ƙaramin alanki na sirdi, sukudireba mai baki huɗu, rula ta ƙarfe, da manhajar saita sauti a waya. In ba ka da filageji, wato ma'aunin rata na bakanike, ga awo biyu da ke kusa da kowa: kaurin katin ATM milimita 0.76 ne, farar takardar fotokofi kuma kusan 0.1.

Aikin hawa huɗu ne, kuma ba a tsallake: lanƙwasar wuya, tsayin tsirkiya, tsayin fikof, sai daidaiton sauti. Kowanne yana taɓa na bayansa. Wanda ya fara da sirdi kafin wuya, aiki biyu zai yi.

Ka saita tsirkiyoyi su kai sautinsu, ka riƙe jitar yadda kake kaɗa ta, ba a kwance a gado ba. Ka danne tsirkiyar E a firet na farko (wani ya riƙe maka, ko ka ɗaure fensir da roba a wajen), ka danne ta kuma a firet na ƙarshe. Yanzu tsirkiyar ta zama miƙaƙƙen layi. Ka duba ratar da ke tsakaninta da saman firet na 8. Abin da ake nema kusan milimita 0.3 ne, wato takarda uku a haɗe su shige suna ɗan gogawa. In katin ATM ya shige a sake, wuyan ya lanƙwasa da yawa, sai a ɗaure rodi. In tsirkiyar ta kwanta a kan ƙarfen babu rata sam, wuyan ya miƙe fiye da kima ko ya banƙare baya, sai a sassauta.

Ɗaurewa juyi ne zuwa dama, yadda hannun agogo ke tafiya, idan kana fuskantar bakin rodin. Sassautawa kuma hagu. A nan ne ake neman gira a rasa ido, don haka a kula da ƙa'ida uku. Kada ka wuce kwatan zagaye a lokaci ɗaya. Kafin ka ɗaure, ka ɗan saki tsirkiyoyin A da D domin rodin ya samu sauƙi, hannunka ma ya samu hanya. In ka ji ya yi tauri yana ƙara, ka tsaya. Rodin da aka tilasta wa karyewa yake yi, ko zarensa ya cinye. Bayan kowane juyi ka mayar da saiti, ka ba katakon 'yan awoyi ya zauna, in da hali ka bar shi ya kwana, sannan ka sake awo. Katako ba ya amsawa nan take.

Da wuya ya zauna sai tsayin tsirkiya. Ba tare da ka danna komai ba, ka auna daga saman firet na 17 zuwa ƙasan tsirkiya. Awon da Fender ke bayarwa shi ne kusan milimita 2.4 a gefen E da milimita 2 a gefen G. Katin ATM uku a haɗe sun kusa 2.3, ka ga ke nan ka samu ma'auni. Kowane sirdi yana da 'yan sukurori biyu. Ka juya su daidai wa daida don sirdin ya zauna a miƙe, domin in ƙafa ɗaya ta rataye, ita ce za ta riƙa kaɗawa tana ƙara kamar ƙudan zuma, ka yi ta neman laifi a firet. Tsirkiyoyin A da D su bi tudun fuskar wuyan, wato su ɗan fi na gefe tashi a jaki. Mai kaɗawa da ƙarfi ya ƙara rabin milimita. Mai laushin hannu zai iya ragewa.

Wani lokaci sai ka sauke sirdi har ƙasa amma tsirkiya na nan a sama. Maganin shi ne ka saki tsirkiyoyi, ka kwance sukurori huɗun nan na baya, ka yanko ɗan siririn kati mai faɗin santimita ɗaya, ka shimfiɗa shi a cikin ramin da wuya ke zama, can gefen da ke fuskantar jaki, ka mayar. Ɗan wannan abu yana karkata wuyan baya, ya dawo maka da damar saiti.

Ƙarar gogawa tana faɗin inda ciwo yake in aka saurare ta. In a firet na 1 zuwa na 5 take, wuya ya miƙe da yawa. In daga na 12 zuwa sama take, sirdi ya yi ƙasa. In a wuri ɗaya tak take, firet ɗin da ke gabansa ya fi 'yan uwansa tsayi. Ka ɗora gefen kati a kan ƙarafa uku a jere, in yana lilo, na tsakiyan ne ya ɗago. Sau da yawa tashi ya yi daga raminsa, kuma bugu mai sauƙi da ɗan katako da ƙaramar guduma yana mayar da shi. In kuwa sai ba ka danna komai ba ƙarar ke fita, matsalar a matashi take. Gwajinsa shi ne ka danne tsirkiya a firet na 3, ka leƙa saman na farko: ratar takarda ɗaya ake so. In ta yi yawa, firet na farko zai yi wuyar dannawa kuma sautinsa ya haura. Jitoci masu araha sun fi fitowa da wannan. Ana zurfafa tsagar da siririn magagari, shafa biyu a gwada, shafa biyu a gwada, domin abin da aka goge ba ya dawowa. Wanda bai taɓa yi ba ya kai wa wanda ya iya.

Tsayin fikof ba ya cin lokaci. Ka danne tsirkiya a firet na ƙarshe, ka bar kusan milimita 2.8 tsakaninta da fikof a gefen E, milimita 2 a gefen G. In ya matso da yawa, maganaɗisun zai riƙa jan tsirkiya, sauti ya yi ta rawa. In wata tsirkiya ta fi sauran ƙara, ka sauke gefenta kaɗan. In ka sassauta sukuru fikof bai taso ba, soson da ke ƙarƙashinsa ne ya mutu. Ka sa sabo.

Na ƙarshe shi ne daidaiton sauti. Ka saita tsirkiya a buɗe, wato ba a danne ba, sannan ka danna ta a firet na 12, ka duba manhaja. In sautin ya haura, ka ja sirdin baya, nesa da wuya, da sukurun da ke bayan jaki. In ya gaza, ka tura shi gaba. Bayan kowane juyi sai an sake saita tsirkiyar a buɗe. Kada a yi wannan da tsohuwar tsirkiya, ƙarya take yi.

Hunturu da damina

Nan ne mai jita a Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram yake fuskantar abin da takardar kamfani ba ta yi masa tanadi ba. Katakon jita ya fi son laimar iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A tsakiyar hunturu laimar takan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ta haura 70. Katako yana shan ruwa yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa, ƙarfe kuwa ko a jikinsa. Shi ya sa a watan Janairu za ka shafa gefen wuya ka ji ƙarshen ƙarafan firet sun leƙo suna kartar hannu, wani lokaci har su fid da jini. Ba firet ne ya yi tsawo ba, allon wuyan da aka kafa shi a kai ne ya tsuke.

Gyaransa a yi shi lokacin da bushewar ta kai matuƙa, wajen ƙarshen Janairu ko Fabrairu, domin in aka goge a lokacin, galibi an gama da shi ke nan. Ka manna tef ɗin takarda a gefen wuya ƙasa da ƙarafan, ka ɗauki magagari mai laushi ka bi tsawon wuyan da shi a hankali, yana ɗan karkace zuwa ciki, har ka ji ya daina kama ƙarfe. Sai ka zagaye bakin kowanne da samfefa mai lamba 400, ka bi da 800. Kafin ka fara, ka rufe fikof da tef, saboda maganaɗisu na tsince garin ƙarfe, kuma in ya shiga ciki ba ya fita.

Lanƙwasar wuya ma tana bin yanayi. Don haka awon firet na 8 sau biyu ake yinsa a shekara: a Disamba bayan hunturu ya kankama, da Yuli bayan ruwa ya zauna. Galibi kwatan zagaye ɗaya ya isa. Wanda bai san haka ba shi ne za ka ji yana cewa jitarsa ta lalace, alhali yanayi ne ya juya.

Domin rage wa katako wahala, jita ta riƙa kwana a jakarta a rufe, ba a rataye a bango ba. Da hunturu ka samu robar ajiye sabulu mai murfi, ka huhhuda ta, ka sa soso da ka jiƙa ka matse har ya daina ɗiga, ka ajiye a cikin jakar inda ba zai taɓa jitar ba. Duk kwana biyu ko uku ka sake jiƙa shi. Da damina ka cire soson, ka zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. Allon wuya in baƙi ne ko ruwan ƙasa marar fenti, yana son mai sau ɗaya ko biyu a shekara: ɗigo kaɗan na man da ake sayarwa don haka a tsumma, a shafa, a jira minti biyar, a goge tas. Ban da man gyaɗa da man ja, suna tsami su yi danƙo. In allon fari ne mai sheƙi, an riga an rufe shi da fenti, tsumma kawai yake so.

Abin da ya fi hunturu kashe jita shi ne zafin bazara a cikin mota rufaffiya. Awa biyu a but da rana tsaka ya isa ya sassauta gam, ya lanƙwasa wuya yadda rodi ba zai iya mayarwa ba. Inda kai ba za ka iya zama ba, kada ka bar ta.

Tsirkiya

Kaurin da aka fi amfani da shi, a lambobin da ake rubutawa a jikin fakiti, 45, 65, 85, 105 ne, daga G zuwa E. Ka tsaya kan kauri ɗaya, domin in ka canza, sai an sake saiti daga farko. Iri biyu ne: mai kaushi, wadda sautinta ke da haske amma gumi da ƙura ke shiga tsakanin naɗinta ta dushe cikin 'yan watanni, da kuma mai santsi, wadda sautinta ke da kauri da taushi, ta fi tsada, amma tana shekaru a jiki ba a canza ba. Ga mai kaɗawa a coci ko a bayan mawaƙi, inda aikin bas shi ne ya riƙe gindin kiɗa, mai santsi ta fi riba nesa ba kusa ba.

Wanke hannu kafin kiɗa, da goge kowace tsirkiya sama da ƙasa da busasshen tsumma bayan an gama, suna ninka kwananta. In ta dushe kuma babu kuɗin sabuwa, ka cire ta ka jiƙa a sifirit ya kwana, ka shanya. Wasu kan tafasa ta a ruwa na minti goma. Yana aiki, amma ruwan da ya maƙale a ciki yana jawo tsatsa, kuma hasken ba ya daɗewa.

Wajen sa sabuwa, ka canza ɗaya bayan ɗaya. Ka zura ta ta jaki, ka ja ta wuce sandar kunnenta da kusan santimita 10, ka lanƙwasa ta da filaya a nan, sannan ka yanke bayan lanƙwasar. In ka yanke ba ka lanƙwasa ba, naɗin waje na iya zamewa daga zuciyar tsirkiyar, ta mutu tun ranar farko. Ka cusa bakin a ramin tsakiyar sandar, ka murɗa kunne, kowane zagaye ya sauka ƙasan wanda ya gabace shi, zagaye biyu zuwa uku. Kada ka naɗa da hannu, yana murɗe tsirkiya. Tsirkiyar A a jita mai ƙirar Fender tana son zagaye uku cif don ta danne matashi sosai, in ba haka ba ta yi ta ƙara a buɗe. Da ta kai sauti, ka danna ta da babban yatsa daidai gaban sirdi don ta karye a wurin, ka ɗan ja ta sama sau uku, ka sake saiti.

Lantarkin ciki

Abin da ke fara lalacewa kusan kullum soket ne. Notinsa ke kwancewa, mai jita ya yi ta juya shi daga waje, soket ɗin na juyawa a ciki har wayoyin su tsinke. Ka buɗe murfi, ka riƙe shi ta ciki da yatsa, sannan ka ɗaure notin. In wayar jona ba ta kamawa da kyau, ka ɗan tura harshen ƙarfen ciki. In ya gaji, kowane mai gyaran rediyo zai like maka sabo da dalma. Waya biyu ce kawai. Sannan ka saba zagayo da waya ta bayan maratayi kafin ka jona, don in an taka ta, maratayin ya sha jan, ba soket ba.

Mamurɗin da ke kwar-kwar ƙurar hunturu ce ta shige shi. Ka fesa maganin wanke kayan lantarki ta 'yar kafar da ke jikinsa, ka juya shi sau ashirin. Ban da man keke ko na inji. In sai an canza, mai lamba 250K ake sa wa mafi yawan jitocin da ba su da batir. Mai batir kuwa, wadda ke ɗaukar volt 9, soket ɗinta shi ne makunni: muddin waya na jone, batir na ci ko ba a kaɗawa. Alamar ya yi sanyi ita ce sauti ya fara fashewa. Ka riƙa ajiye ɗaya a jaka.

Gunjin wuta ma ana gane asalinsa da hannu. In ka taɓa tsirkiya ya ragu, wayoyin lafiya suke, ramin lantarkin ne ke son a lulluɓe cikinsa da tef ɗin tagulla a haɗa shi da wayar ƙasa. In ka taɓa tsirkiya bai canza ba, amma ka taɓa ƙarfen bakin soket ya yi shiru, wayar da ke zuwa ƙarƙashin jaki ta tsinke ko ba ta taɓa ƙarfe. In ka taɓa ya ƙaru, an juya wayoyin soket. Jita mai ƙirar Jazz tana gunji in aka buɗe fikof ɗaya kaɗai, ta yi shiru in aka buɗe biyun daidai. Halittarta ce, ba lalacewa ba. Mai ƙirar Precision, da fikof ɗinta ya rabu biyu tun 1957, ita ke kashe gunjin da kanta.

Maɓallin maratayi in ya fara girgiɗi, kada a jira ranar da jita za ta faɗi. Ka cire sukurun, ka tsoma tsinken sakace biyu ko uku a farin gam na kafinta, ka cusa a ramin, ka karya abin da ya fito, ka mayar da sukurun, ka bar shi ya kwana.

Amfilifaya da wuta

Jita mai araha a amfilifaya mai kyau ta fi mai tsada a marar kyau, don haka in akwai rarar kuɗi, nan ya kamata ta tafi, ba wajen canza fikof da jaki ba. Wat 15 zuwa 25 ya isa ɗaki. In akwai mai ganguna a gefe, ƙasa da wat 100 ba za a ji ka ba. Kada a ƙure bas a amfilifayar ƙaramar jita, lasifikarta ba ta jure motsin tsirkiyar E, wadda ke kaɗawa sau 41 kacal a daƙiƙa. Mai haɗa akwatunan lasifika ya tuna cewa biyu masu om 8 (om shi ne awon turjiyar lantarki na lasifika) a jone gefe da gefe suna komawa om 4, biyu masu om 4 kuma su koma om 2, wanda yawancin amfilifaya ba sa jurewa.

Wutar Najeriya da Nijar tsakanin volt 220 ne zuwa 230. Kayan hannu da suka fito daga Amurka galibi na 110 zuwa 120 ne. Ka karanta bayan amfilifaya kafin ka jona, domin kuskure ɗaya ya isa. Ka sa sitabilaiza a tsakani, ka kashe amfilifaya kafin a tada janareta ko a juya layi, ka kunna bayan wuta ta zauna.

Magana ɗaya kuma ba ta wasa ba ce. In ka taɓa tsirkiya ka ji tana ɗan ja, ko leɓenka ya taɓa makirufo ka ji tsinke alhali hannunka na kan jita, ka cire komai nan take. Tsirkiyoyin a haɗe suke da jikin amfilifaya, kuma in babu wayar ƙasa, jikinka ne hanyar da wuta za ta bi. Kada a karya ƙafa ta uku ta fulogi don a kashe gunji, kada kuma a kaɗa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. A kira mai aikin wuta ya duba layin.

Hannu

Rabin ƙarar da ake ɗora wa jita laifinta daga yatsu take. Ka danna tsirkiya dab da bayan firet, ba tsakiyar fili ba, da ƙarfin da ya isa kawai sauti ya fita. Hannun dama ya riƙa musaya tsakanin manuniya da ɗan tsakiya, babban yatsa na hutawa a kan fikof ko kan tsirkiyar da ba a kaɗawa don ta yi shiru. Ka ƙara murya a amfilifaya ka rage ƙarfin hannu. Sauti zai fi cika, yatsu ba za su yi bororo ba, firet ma zai daɗe bai cinye ba. Kusa da jaki sauti na fita a tsuke, kusa da wuya yana fita da faɗi, kuma wannan bambanci ya fi abin da sabon fikof zai ba ka.

Akwai abu ɗaya da ba ya gyaruwa, kuma bai kamata ya dame ka ba. A yawancin jitoci masu inci 34, har masu tsadar, za ka samu wuri a tsirkiyar G, tsakanin firet na 5 da na 7, inda sauti ke mutuwa da wuri. Katakon wuyan ne ke shanye kaɗawar a nan. In kana son dogon sauti a wurin, ka ɗauke shi a tsirkiyar D, firet biyar gaba.

In za ka yi watanni ba ka taɓa ta ba, ka goge tsirkiyoyi, ka cire batir don kada ya zubar da ruwa ya ci wayoyi, ka sassauta kowace tsirkiya kaɗan amma kada ka sake su gaba ɗaya, domin rodi zai ja wuyan baya ba mai riƙe shi. Ka jingina jakar a tsaye nesa da taga, a kan wani abu ba a ƙasa ba, saboda gara da ruwan damina. A aljihun jakar kuma ka ajiye 'yar takarda mai ɗauke da awonka: ratar firet na 8, tsayin E da G a firet na 17, kaurin tsirkiya da ranar da ka sa ta, da gefen da ka juya rodi a Disamba da kuma a Yuli.